Ken Clarke Bai Ci Amanar Kowa Ba

Har yanzu raina a ɓace yake da maganar da wani abokina ya yi jiya a wajen hira, cewa korar da Boris Johnson, firaministan wancan lokacin, ya yi wa Ken Clarke daga sahun 'yan majalisar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya a watan Satumbar 2019 daidai ce, wai domin ya ci amanar jam'iyya. Wace amana ya ci?

Mutumin nan ya wakilci mazaɓar Rushcliffe tun daga 1970 har zuwa 2019, shekara 49 cur, bai taɓa sauya sheƙa ba. Ya riƙe ma'aikatar lafiya da ta ilimi a zamanin Margaret Thatcher, ya zama ministan kuɗi daga 1993 zuwa 1997 a gwamnatin John Major, sannan David Cameron ya dawo da shi ministan shari'a a 2010. Sau uku ya nemi shugabancin jam'iyyar, a 1997 da 2001 da 2005, sau uku ya faɗi, kuma babban abin da ya kayar da shi shi ne goyon bayansa ga Tarayyar Turai. Da kujera ce a gabansa, da tuni ya haɗiye wannan ra'ayi, amma ya gwammace ya rasa shugabanci da ya furta abin da bai yarda da shi ba. Haka ya tsaya a 2003 ya ƙi yaƙin Iraƙi alhali shugabannin jam'iyyarsa suna goyon baya.

Abokina ya ce dokar jam'iyya ba ta san tsufa ba. To, shi Johnson sau biyu ya kaɗa ƙuri'ar adawa da yarjejeniyar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da firaministar da ta gabace shi, Theresa May, ta kawo majalisa, babu wanda ya kore shi, yayin da Clarke, wanda ba ya son ficewar tun farko, ya mara wa yarjejeniyar baya. Laifinsa kawai ya ƙi yarda a fice daga Turai babu yarjejeniya, shi da wasu mutum 20, har da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill.

Ban manta da aikinsa a kamfanin taba sigari ba, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba, amma ba a kansa aka kore shi ba. Kuma gwamnatin Johnson ɗin ce dai, ko shekara guda ba a cika ba, ta ba shi kujera a majalisar dattawan ƙasar a 2020.