Kafin a Kira Shi Malalaci

Ya ku 'yan uwana ma'aikata, musamman matasan da aka fara damƙa wa jagorancin wasu, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a wuraren aiki, wato saurin yanke wa mutum hukunci da zarar aikinsa ya ja baya. Wanda aka sani da himma sai ya fara makara, ya daina shiga hira, a wajen taro a tambaye shi abu ya ƙura wa takarda ido bai ce uffan ba. Nan take za a ce girman kai ne ko lalaci, kuma kafin mako ya fita an miƙa masa takardar tuhuma, alhali ba a sami ko mutum ɗaya da ya ja shi gefe ya ce, "Lafiya kuwa?" ba.

Sau da yawa kuwa ba lafiyar ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda suke shekarun aiki suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma a 2022 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa ciwon damuwa da na fargaba suna lashe ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara. Ke nan a ma'aikatar da ke da mutum 20 ba abin mamaki ba ne a sami uku da ke ɗauke da irin wannan nauyi, suna gaisawa da kowa cikin murmushi.

Tausayin da nake magana a kai ba shi da tsada, amma yana buƙatar ladabi. Ka nemi mutumin a keɓe, ka tambaye shi, sannan ka yi shiru ka saurara, kada ka katse shi da cewa, "Ai kowa da tasa," domin wannan magana rufe baki take yi. In ya buɗe maka cikinsa, to amana ya ba ka. Mafi munin abin da ake yi wa mai damuwa shi ne ya faɗa wa mutum guda sirrinsa da safe, kafin a tashi aiki ya ga ana nuna shi da baki. Wanda aka yi wa haka da wuya ya sake neman taimako. Kai kuma shugaba, gyara a bayan ƙofa ya fi tsawa a bainar jama'a, don tsawar tana iya sa aiki ya fito yau, gobe kuma ma'aikacin ya riƙa ɓoye maka kurakuransa.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa daɗin baki ya wadatar. Waɗannan hukumomi biyu sun gano cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Shugaban da ke cewa "sannu da ƙoƙari" alhali yana hana hutu, yana kiran waya tsakar dare, bai tausaya wa kowa ba.

Idan kuma ka ga damuwar abokin aikinka ta ɗauki makonni, barci ya ƙaurace masa, ko ya fara furta cewa ya gaji da rayuwa, lallashi ya ƙare a nan. Ka ƙarfafa masa gwiwa ya ga likita, in ya yarda ka raka shi, ka kuma riƙe masa wani ɓangare na aikinsa har ya dawo.