Kaji Goma a Bayan Ɗaki da Bashin Gidan da Ke Kanka

Assalamu alaikum ƙannena da sa'o'ina, musamman ku da kuka karɓi makullin gida da kuɗin banki a Rigachikun, Mando, Millennium City ko bayan Rigasa a nan Kaduna. Allah ya sanya alheri, ya sa an shiga a sa'a. Amma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa: makulli ne a hannunku, takardar gidan tana wurin banki, kuma can za ta zauna har ranar da kuka biya kobon ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu, daga tarewa, suke mantawa da haka. Sai a shiga canza kujeru, a sayo babbar talabijin, a fara cigiyar mota.

Ku zo mu yi lissafi. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa (NHF), wanda aka kafa tun 1992, yana iya samun rancen gida ta bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya (FMBN) da ruwan kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. A ce ka karɓi naira miliyan 10 na shekara 20. Duk wata za ka biya kusan 71,600. A watan farko, 50,000 daga ciki kuɗin ruwa ne tsantsa, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai 22,000 ba. Kafin ka gama ka biya sama da miliyan 17. To, in ka iya ɗora 20,000 a kai duk wata, bashin zai ƙare cikin shekara 13 da 'yan watanni, kuma kimanin miliyan 2.7 na ruwa ya tsaya a aljihunka. Kusan shekara bakwai ke nan ka sayo wa kanka da iyalinka.

Na san abin da masana lissafi za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba: a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024, bashin kashi 6 mai araha ne, a bar shi ya yi ta tafiya. Wasu kuma su ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni ban gamsu ba. Albashi yana iya tsayawa, ana iya rage ma'aikata, rai kuma ba a hannunmu yake ba. Mun san hadisin da ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ga kuma batun riba, wanda duk mai tsoron Allah da ya tsinci kansa a ciki ya kamata ya ƙosa ya fita. Wanda bai riga ya shiga ba, ya fara tambayar bankunan da ba su ta'ammali da ruwa. Jaiz na da reshe a Kaduna tun buɗewarsa a 2012.

Ina za a samo 20,000 ɗin a wannan marra, bayan cire tallafin mai a 2023? A cikin gidanka take, a warwatse. Tana cikin anko na kowane biki, da datar da ake ƙonawa a kallon abin da ba ya ƙara komai, da lemon kwalba, da janareta da ke ruri har tsakar dare. Tana cikin awon kwano-kwano da tsada, alhali da kaka masara na sauka daga Saminaka da Giwa, a sayi buhu a zuba a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, ya kai damina ba ƙwaro ba magani.

Sai kaji. Kada wani ya yaudare ku, kaji goma ba za su biya bashin gida ba. Aikinsu toshe ƙofa ɗaya ce ta cefane: ƙwan karin kumallon yara, naman baƙo, kazar suna ko ta sallah. Kazar Hausa ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi. Dusa, tsaki, ragowar tuwo da ganyen zogale sun ishe ta, ta yi ƙwai goma zuwa sha biyar, ta kwanta kwana 21 ta fito maka da 'yan tsaki. Ƙwanta dai ba yawa, bai cika wuce 60 a shekara ba. Mai son ƙwai kullum sai ya nemi masu ƙwai irin Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi (NAPRI) ta Shika a nan Zariya ta samar don yanayinmu. Suna fara ƙwai wajen mako 20, amma kowace na cin kusan giram 120 na abincin kaji a rana. Kaji 20 za su cinye buhu mai kilo 25 a kwana goma. Ka tambayi kuɗin buhu da kuɗin kiret ɗin ƙwai a yau, ka rubuta a takarda, kafin ka sayi ko ɗaya. Kuma don Allah kada ka ci wani bashin don fara kiwo.

Akurki ba ya son tsada. Ragar waya da tsohon kwano daga kasuwar Panteka, a ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a riƙa sharewa don kada wari ya haɗa ka da maƙwabci. Kashin kuma taki ne ga alayyafo da tumatir a buhu. Abin tsoro shi ne hunturu. Za ka tashi da safe ka ga kaza ta takure a lungu, fuka-fuki a zube, zawo kore, wuya ya murɗe, kafin kwana uku akurki ya zama wayam. Cutar Niyukasul ke nan, kuma rigakafinta da ake ɗiga wa a ido ko a ruwan sha, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Kazar da ka sayo daga kasuwar Kawo, ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naka. In suka fara mutuwa da yawa lokaci ɗaya, kada a yanka a ci, a kira likitan dabbobi. A Jaji, nan jiharmu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a 2006.

Maigida, ka ji wannan da kyau: tattali daban, rowa daban. Ciyar da iyali wajibi ne, Alƙur'ani kuma ya yabi masu ciyarwa ba almubazzaranci ba ƙwauro. Kada ka hana yara nama ko magani da sunan banki. Uwargida ce za ta sha wahalar kajin nan, saboda haka ka zaunar da ita ka nuna mata takardar bashin, ta ga adadin da idonta, ka kuma ware mata rabonta a ƙwai da 'yan tsaki. Matar da ta san abin da ake tara wa, ita za ta fi ka riƙo.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne a nan: a rage kashewa, amma kuɗin ya narke a aljihu. Duk kiret ɗin da ba ka saya ba, ka cire kuɗinsa ka ajiye gefe a ranar. Ka fara tara abin da zai riƙe gida wata biyu ko uku saboda lalura. Daga nan ka je bankin da ke riƙe da rancenka, ka tambayi ƙa'idarsu kan biya kafin lokaci, ka rubuta musu cewa ƙarin a cire shi daga uwar kuɗi, ba a lissafa shi a matsayin biyan watan gaba ba. Ka karɓi rasit, ka nemi bayanin asusunka duk wata shida ka duba da kanka ko ragin ya shiga.