Shiru Ma Amsa Ce, In Ji Dillalan Littafi

Ranar da na sa aya ta ƙarshe a littafina na ɗauka wahala ta ƙare, ashe ko layi ban shiga ba. Galibin manyan kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci kai tsaye, sai ta hannun dillalin littafi. Shi zai kai wa edita, in ciniki ya faɗa ya ɗauki la'adarsa, kashi 15 cikin 100. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ko 20 ya yanka ba za mu ɓata ba. Na haɗa wasiƙar gabatarwa, da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, da babi uku na farko, na tura wa dillalai. Wani ƙaramin kamfani kuma na miƙa masa ta Submittable, wani shafin intanet da marubuta ke tura rubutu ta cikinsa.

Wasu sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa amsa tana ɗaukar mako 8 zuwa 12, kuma in ka ji shiru, to ba sa so ke nan. Ni fa ban yarda wannan jimlar da ni take ba.

Daga nan waya ta zama abokiyar kwanana. Ido na buɗewa, imel. Tsakar dare in farka, imel. Da shirun ya yi yawa na fara zargin akwatin nawa ya lalace, sai na tura wa kaina saƙo. Nan take ya shigo, har gabana ya faɗi kafin in tuna ni na aiko. Na leƙa kwandon saƙonnin banza, na tarar da wani bawan Allah da ban sani ba yana son ya bar mini gadon miliyoyi. Shi kaɗai ne ya nuna yana sha'awata a wannan watan.

Na kai kuka wajen wani tsohon marubuci da ya daɗe a harkar. Ya ce, "Ƙanena, yi haƙuri, Agusta ne, duk sun tafi hutu." Na jira. Oktoba ta zo, ya ce suna bajekolin littattafai na Frankfurt. Disamba, hutun ƙarshen shekara. Janairu, saƙonni sun taru musu. Da ya fara kawo zancen bajekolin Landan, na ce, "Yaya, don Allah a wane wata suke karatu?" Ya yi dariya har da tari, bai ba ni amsa ba.

Wata rana na ga a Submittable an sauya matsayin rubutuna daga wanda ya iso musu zuwa wanda ake kan dubawa. Na miƙe tsaye, na fara gwada sa hannun da zan riƙa yi wa masu saye. Matata ta leƙo ta ce, "Maigida, an karɓa ne?" Na ce saura ƙiris. Daga baya Yaya ya ce mai yiwuwa wani ne kawai ya tura wa wani, bai ko buɗe ba.

Ƙarshe na yanke shawarar yi wa wata dillaliya tuni. Layi biyu kacal, amma sai da suka ci mini yamma guda, ina goge "ina fatan ban takura ba" ina mayarwa. Na danna tura. Ban ajiye wayar ba amsa ta iso. Mutanen da suka yi watanni ba su ce uffan ba!

Ta gode, ta yaba, ta ce labarin bai dace da ita ba. Sai dai sunan littafin da ta ambata ba nawa ba ne, na wani ne can da ya rubuta labarin matuƙin jirgin ruwa, ni kuwa ko kwale-kwale babu a nawa.

Na kira Yaya ina murna. Ya ce, "An karɓa?" Na ce a'a, wani aka ƙi, nawa ba a ma kai kansa ba tukuna. Ya ce, "To sai ka ƙara haƙuri, Agusta ta kusa."