Takarar da ba ta taɓa rage gwamnati ba, da mai yi mata shela

Akwai wani daga cikin masu sharhi kan siyasar Amurka da harshenmu wanda ba a jin ɗuriyarsa sai zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, sannan ya cika shafinsa da kira ga 'yan uwanmu mazauna can su juya wa manyan jam'iyyun nan biyu baya, su jefa wa ɗan takarar jam'iyya ta uku ƙuri'a, wai ta haka ne kaɗai za a taƙaita ikon gwamnati, a rage haraji, a daina cin bashi. Ba zan kama sunansa ba, domin ya san kansa. Da a nan ya tsaya, da ban tanka ba, tun da kowa da ra'ayinsa. Abin da ya sa na yi magana shi ne yadda ya mayar da duk wanda ya zaɓi yin wannan gwagwarmaya a cikin babbar jam'iyya maci amana wanda kwaɗayi ya sa ya sayar da aƙidarsa. Ni ma ina son gwamnatin da ta san iyakarta, kuma saboda ina son ta da gaske ne ba zan yi shiru ana ɗora mutane a kan hanyar da aka shafe fiye da shekara 50 ana bi ba tare da ta ɓulle ba.

Jam'iyyar Libertarian, wadda ita ce yake yi wa shela, an kafa ta a jihar Colorado a 1971. Ɗan takararta na farko, John Hospers, ya samu ƙuri'a ɗaya a kwalejin zaɓe, wato taron wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa, a 1972, kuma ita ma ba jama'a suka ba shi ba, wani wakili ne daga Virginia ya ƙi zaɓen Shugaba Nixon ya miƙa masa. Daga ranar zuwa yau jam'iyyar ba ta ci jiha ko ɗaya ba. A 1980 Ed Clark ya samu kashi 1 cikin 100, duk da dukiyar da mataimakinsa David Koch ya zuba. Mafi nisan da ta taɓa kaiwa shi ne 2016, lokacin da ta tsayar da tsofaffin gwamnoni biyu, Gary Johnson na New Mexico da Bill Weld na Massachusetts, a shekarar da jama'a da dama suka ƙosa da Trump da Hillary Clinton baki ɗaya. Babu damar da ta wuce wannan. Duk da haka ƙuri'a kusan miliyan 4.5 suka samu, wato kashi 3.3, ba su kai kashi 5 da doka ta gindaya don samun tallafin kamfe ba, balle kashi 15 na jin ra'ayin jama'a da ake buƙata kafin a hau dandalin muhawara. A 2020 Jo Jorgensen ta sauko zuwa kashi 1.2, a 2024 kuma Chase Oliver bai kai rabin kashi 1 ba. Bashin da ake bin gwamnatin tarayya kuwa, wanda bai kai dala tiriliyan 1 ba a 1980, ya haura tiriliyan 36 a ƙarshen 2024.

Wanda ya san waɗannan alƙaluma ya ɓoye wa mabiyansa su bai yi musu adalci ba. Wanda bai san su ba kuwa bai kamata ya riƙa kiran wasu jahilai ba.

Matsalar ba ta rashin nagartar 'yan takara ba ce, tsarin ne aka gina haka. Ana neman 270 daga cikin wakilai 538 na kwalejin zaɓe, kuma ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 19 a 1992, kusan kashi 19 cikin 100, amma ya tashi ba shi da wakili ko ɗaya. Rabon da wani daga wajen manyan jam'iyyun biyu ya ci jiha tun George Wallace a 1968. Kafin ma a kai ga ranar zaɓe, sai an sha wuyar shiga takardar ƙuri'a. A New York, inda da yawa daga cikin masu karanta malamin namu mai sharhi suke zaune, ana buƙatar sa hannun mutum 45,000 cikin mako shida. Masu sa kai ne ke tsayawa a bakin manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa riƙe da takarda da biro, suna tare masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, suna sane da cewa lauyoyin abokan hamayya za su bi sunayen layi-layi su soke duk wanda adireshinsa ya saɓa. A 2024 ɗan takarar Libertarian bai fito a takardar ƙuri'ar New York ba sam. Wato mutumin da ake ta zugawa ya je ya zaɓe shi, ko sunansa bai gani ba a rumfar zaɓe, kuma mai zugar bai ga ya dace ya faɗa masa ba.

Na san hujjar da yake fakewa da ita, wai ba don a ci zaɓe ake tsayawa ba, don a tilasta wa manya su ɗauki saƙon ne, kuma Perot yake kafa shaida da shi. Gaskiya ne Perot ya sayi lokaci a talabijin ya zauna da allunan zane yana nuna wa Amurkawa yadda giɓin kasafi ke cin su, kuma gaskiya ne an samu rarar kasafi daga 1998 zuwa 2001. Sai dai Perot attajiri ne da ya kashe fiye da dala miliyan 60 na aljihunsa, kuma cikin magungunan da ya kawo har da ƙarin harajin man fetur. Kasafin 1993 da ya biyo baya ƙara haraji ya yi. Mai neman a rage hannun gwamnati a aljihun jama'a, idan wannan ce babbar nasararsa, to ya sake lissafi.

Mutumin da ya fi kowa amsa wannan gardama shi ne Ron Paul, wanda malamin namu ke yawan liƙa hotonsa ba tare da ya ba da tarihinsa cikakke ba. A 1988 Ron Paul ya tsaya wa Libertarian takarar shugaban ƙasa, ya samu ƙuri'a 430,000 da 'yan kai, kusan ba wanda ya ji shi. Ya koma Republican, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu, ya sake cin kujerar majalisar wakilai daga Texas a 1996, sannan ya shiga zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a 2008 da 2012. Bai samu tikiti ba, amma ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da manyan jam'iyyar a muhawarorin da miliyoyin mutane ke kallo, yana faɗa musu ido da ido cewa yaƙe-yaƙen waje da buga kuɗi ne ke kumbura gwamnati. Magoya bayansa sun tara masa kusan dala miliyan 6 a rana ɗaya a Disamban 2007. A 2012 ya samu ƙuri'a kusan miliyan 2 a zaɓen fid da gwani kaɗai, kuma a watan Yulin shekarar majalisar wakilai ta amince da ƙudurinsa na binciken babban bankin Amurka da ƙuri'a 327 a kan 98, ko da yake majalisar dattawa ta ƙi ɗaukarsa. Daga wannan guguwa ce ɗansa Rand Paul ya shiga majalisar dattawa daga Kentucky a zaɓen 2010, Thomas Massie kuma ya shiga ta wakilai a 2012. A watan Maris na 2020, lokacin da ake shirin wuce da tallafin korona na dala tiriliyan 2 da 'yan kai ba tare da an rubuta sunan wanda ya amince ba, Massie ne ya miƙe ya nemi a yi ƙuri'ar da kowa zai ɗauki alhakinta. Trump ya nemi a kore shi daga jam'iyya, amma mutanen mazaɓarsa suka sake ba shi tikiti da gagarumin rinjaye. Waɗannan su ne mutanen da ake so mu kira maciya amana.

Ba ina wanke Republican ba ne. A wa'adin farko na Trump bashin ƙasa ya ƙaru da kusan dala tiriliyan 8, kuma duk mai son gwamnati mai iyaka ya kamata hakan ya yi masa zafi. Amma fushi da jam'iyya daban, dabarar gyara daban. Mai gona ba ya zuwa ranar girbi kaɗai ya ce ƙasa ta ci amanarsa. Kasafin kuɗi a majalisa ake rubuta shi, dokokin lasisin sana'a da harajin gidaje kuwa a majalisun jihohi da na birane ake yanke su, kuma waɗannan kujeru ana cin su ne a zaɓukan fid da gwani da mutane ƙalilan ke fita, inda 'yan ɗaruruwan masu aƙida kan iya sauya sakamako. Ban taɓa ganin malamin namu ya rubuta layi ɗaya a kan irin wannan zaɓe ba, wataƙila domin ba ya jawo tafi a Facebook.

Idan ma har zuciyarsa tana kan jam'iyya ta uku, akwai aikin da ya fi zagi amfani. Jihar Maine ta fara amfani da tsarin jera 'yan takara bisa fifiko a zaɓen shugaban ƙasa a 2020, Alaska kuma ta bi sahu, ta yadda mutum zai iya sa ƙaramin ɗan takara a zaɓinsa na farko ba tare da tsoron ƙuri'arsa ta taimaki wanda ya fi ƙi ba. Ta hanyar ƙuri'ar raba gardama aka kawo wannan sauyi a jihohin biyu, bayan tattara sa hannu da shari'o'i da wayar da kai na shekaru. Kamata ya yi ya fara bayyana wa masu karanta shi yadda aka yi hakan, da abin da za a buƙata kafin a yi shi a jihohin da suke zaune, kafin ya sake buɗe baki ya kira wani maci amana.