Ramukan Kuza a Filato: Tarayya Ce Za Ta Cike Su ko Jiha?

Abin takaici ne ƙwarai a ce mutanen Bukuru, Barikin Ladi da sauran garuruwan da ke kewaye da Jos suna zaune har yau a gefen ɗaruruwan ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka bari, ramukan da suka zama kududdufai masu zurfi waɗanda ke cinye yara da dabbobi, ba tare da shinge ko alamar gargaɗi ba. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara kwasar kuza a wannan yanki, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa da ƙarfin tsiya, abin da ake kira ɗiban gwamna. Da farashin kuza ya karye a 1985, sai aka watsar da wuraren aka bar mana ramuka da tulin ƙasar da aka tace, wadda masana suka daɗe suna cewa tana fitar da tururi mai cutarwa, amma ga shi ana ɗibarta ana gini da ita.

Idan an yi magana, Gwamnatin Tarayya takan ce Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, jiha kuma ta ce tsarin mulki ya ba Tarayya ma'adinai da harajinsu, ƙaramar hukuma kuwa ba a ma jin duriyarta. To, a lokacin da ake karɓar kuɗin kuza, wa ya taɓa cewa ba huruminsa ba ne? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata, sai dai kamfanonin da suka yi wannan ɓarna sun ɓace tun kafin a rubuta ta, don haka nauyin ya koma kan hukumomin da suka ba su lasisi.

Babu hujjar cewa babu kuɗi, tunda matakan gwamnati ukun duk suna da kaso a asusun kula da muhalli. Muna so Tarayya ta ɗauki nauyin cike ramukan da suka fi haɗari, jiha ta katange waɗanda masu noman rani ke jan ruwansu, a kuma gwada ruwan a faɗa wa jama'a abin da ke cikinsa kafin damina mai zuwa ta sake cika su.