Wai Kawu ne bai iya rubutu ba?

Tun jiya abin da aka yi wa Kawu a wajen cike takarda yake cina a rai, kuma na ga waɗanda suka shigo ƙarƙashin hoton da na saka suna cewa in yi haƙuri ya wuce. Ba zai wuce ba. Yaron da ke cike takardar, sa'an jikansa, ya dubi Kawu, dattijon da ya haura saba'in, ya ce, "Baba, tunda ba ka iya rubutu ba, kawo babban yatsanka ka dangwala." A gurbin matakin ilimi kuma ya ja layi, wato babu. Kawu ya ce, "Yaro, miƙo biron, na iya." Ya rubuta sunansa da na unguwarmu daga dama zuwa hagu. Yaron ya leƙa, ya ce ai wannan Larabci ne, ba a karɓa.

Ba Larabci ba ne, ajami ne. Hausa ce tsantsa da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, kamar yadda wannan rubutun da kuke karantawa Hausa ce da baƙaƙen Turawa. Wa ya taɓa cewa Turanci nake rubutawa don na yi amfani da a, b, c? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riƙe da lissafin goronsa a kasuwar Kurmi cikin ajami, wanda wasiƙunsa suka riƙa zuwa Kumasi suna dawowa da amsa, shi ne yau aka miƙa wa tawadar dangwale. Mai ajami ba jahili ba ne.

Wanda yake musu ya zaro dubu ɗaya daga aljihunsa. Rubutun ajamin nan na jikinta da ake ta hayaniya a kansa "naira dubu" yake cewa. Kai wa Balarabe ya karanta, zai iya haɗa baƙaƙen amma ba zai gane komai ba, domin shi dubu "alf" yake ce mata. Duk da haka a 2007 aka cire ajamin daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, a 2020 kuma har kotu wani ya je a Legas yana neman a goge sauran. Su dai na can zan iya yi musu uzuri, ba a gidansu aka haifi abin ba. Amma ɗan Bahaushe, wanda ya tashi yana jin tashin karatun allo a ƙofar gidansu, shi ma ya kasa bambancewa? Wannan ne ya ƙona mini rai.

Ku tuna fa, sai a 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano. Gaskiya Ta Fi Kwabo sai 1939 ta fara fitowa. Nana Asma'u kuwa ta rasu tun 1864, bayan ta bar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda 'yan taru, wato mata ɗalibanta, suka riƙa haddacewa suna kai wa mata ƙauye-ƙauye. Da wane rubutu ta yi Hausar tata? Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Ghana a 1934, da ajami ya rubuta tarihi da waƙoƙi. Malamanmu ba kwafa kawai suka yi ba. Da suka tarar Larabci ba shi da "tsa", sai suka ɗauki baƙin ɗa mai hannu suka ɗora masa ɗigo uku. Wasalin "e" kuma suka yi masa ɗigon imala a ƙasa, irin na karatun Warshu. Wannan aikin masu tunani ne. Aka wayi gari a shekarun 1950 aka fito da yaƙi da jahilci, sunan kansa ya haɗa irin su Kawu da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba a buhu ɗaya. Tun daga nan raini ya samo asali.

Wani ya rubuto mini cewa ai zamani ya canza, kwamfuta ba ta san ajami ba. To ni na ce a daina boko ne? Ga shi da shi nake muku magana. Wani kuma ya ce ajami ba shi da tsayayyar ƙa'ida, kowa da yadda yake rubutawa. Ɗan'uwa, duba saƙonnin da ke wayarka. Nawa ne cikinmu ke bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa? Mu da muka kasa sa ƙugiya a kan harafi uku ba mu da bakin yi wa kowa gorin ƙa'ida. Abin da nake nema ɗaya ne: in dattijo ya ce ya iya rubutu, kuma ya rubuta a gabanka, kada ka rubuta masa babu. In kai ne ba ka iya karantawa ba, ka ce, "Baba, karanta mini." Wallahi da hakan yaron ya ce, da Kawu har addu'a zai yi masa. A hanyarmu ta komawa gida bai ce uffan ba, sai goge shuɗin yatsansa yake ta yi da gefen rigarsa.

Af, tunda maganar ta kawo mu nan, masu cewa kalmar boko daga "book" ta Turanci ta fito ku ma ku gyara. Kalmar tana nan a bakin Bahaushe da ma'anar abin da ba na gaskiya ba, shi ya sa ake cewa amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a biki a madadin ta ainihi. Masanin Hausa Paul Newman ya yi rubutu a kan haka a 2013. 'Yan Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mini, har yanzu ana yin amaryar boko a wajenku? Mu nan rabona da in gani tun bikin yayata.