"Ai nasa yana nan, kwafa kawai na yi"

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekaranjiya wani aminina ya turo mini hoton takardar gwajin da aka yi masa a asibiti, yana neman addu'a da shawara. Ni kuma, da niyyar taimako, sai na tura wa mutum ɗaya tak wanda nake ganin ya san harkar magani. Kafin magariba takardar ta dawo mini ta wani zauren WhatsApp, ga sunansa, ga shekarunsa, ga ciwon a rubuce, mutanen da bai taɓa gani ba suna ta yi masa jaje. Da ya kira ni bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Kai kaɗai na tura wa." Wallahi har yanzu maganar tana ci mini rai.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne uzurin da zuciyata ta yi saurin kawowa, wai ban raba shi da komai ba, tunda takardarsa tana hannunsa. Takarda kam tana nan, amma ikon zaɓar wanda zai san halin da yake ciki ya kuɓuce masa, kuma da hannuna hakan ya faru. Wanda ya ɗauke maka agogo yana iya dawo da shi ya nemi gafara. Sirrin da ya shiga wayoyi masu yawa, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa ka karɓo shi?

Mun yi tir a 2018 da aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook da aka ƙiyasta sun kai miliyan 87 ba da yardarsu ba, alhali babu wanda shafinsa ya ɓace. To, me ya bambanta mu da su in ban da yawa? Muna ba da lambar mutum ba tare da izininsa ba, muna tura saƙon muryar da aka yi mana cikin kuka, muna kwafe rubutun da wani ya kwana yana yi mu cire sunansa.

Mun san hadisin da ya nuna cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Don Allah, kafin ka danna turawa, ka tambayi mai abin. Don girman Allah, ka tambaye shi. Ni gobe zan je har gida in roƙi aminina yafiya, ku taya ni addu'a ya yafe mini.